Filin Tambayoyinku: Yaran Makaranta da Gidan Tarihi

Tun shigowar sanyi wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka karkata kan magana ɗaya, wato yadda za a haɗa 'yan makaranta da kayan tarihin ƙasarsu. Mun ɗauki 6 daga Kebbi da Zamfara, mun taƙaita su saboda fili, masu aikin ilmantarwa a gidan tarihi da tsofaffin malamai kuma suka haɗa kai wajen amsawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da aji 5 a wata firamare a Jega. Hedimasta ya amince mu kai yara 80 Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, amma duk cikinmu ba wanda ya taɓa shirya irin wannan tafiya. Ta ina za mu fara?
Daga wata malama, Jega

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Da farko kada ki kwashi 80 rana ɗaya. Gidan Kanta tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce da aka mayar gidan tarihi a 1958, ɗakunanta kuwa ba don taro aka gina su ba. Yaro na 20 da ya kutsa ɗaki ba abin da zai gani sai ƙeyar na gabansa. Ki raba su biyu, 40 wannan mako, 40 na gaba. Kowane 40 kuma a kasa su rukuni 4, kowane rukuni da babba guda, 'yan mata a hannun malama mace.

Saura mako 3 ki rubuta wa shugaban gidan takarda, ki faɗi rana, lokacin isowa, yawan yara, shekarunsu da darasin da kuke kai a aji. Ki aika kwafi ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. A takardar ki tambayi kuɗin shiga, ko akwai ragi ga ɗalibai, ko an yarda a ɗauki hoto, da wanda zai yi muku jagora. Ki kauce wa Juma'a, da azumi, da makon bikin kamun kifi, lokacin da garin ke cika maƙil kuma hankalin kowa na bakin kogin Matan Fada.

Ga matakin da kusan kowa ke tsallakewa, shi ne kuwa ya fi sauran amfani: ki je da ƙafarki kafin ranar, ke kaɗai ko da abokiyar aiki. Ki zaga ɗakunan, ki zaɓi abu 5 da za ki tsayar da yara a kansu, ki ga inda inuwa take da inda ban ɗaki yake, ki zauna da jagoran minti 15 ki gaya masa abin da yaranki suka sani da wanda ba su sani ba. Jagoran da ba a gaya masa komai ba zai yi wa ɗan shekara 10 bayanin da yake yi wa ɗalibin jami'a, kuma ba laifinsa ba ne.

Lokacin tafiya daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin yankin nan kan wuce digiri 40, yaro kuwa in ya galabaita ba ya ji ba ya gani. Ku tashi da ƙarfe 7 da rabi. Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu kimanin kilomita 50 ne, ga kuma taku tafiyar daga Jega, don haka ki ƙaddara isa wajen ƙarfe 10. Cikin gidan kada ku wuce minti 90. Ku yi azahar, ku ci abinci, ku kamo hanya, la'asar ta same ku a gida.

Ruwa: leda 3 ga kowane yaro, wato jaka 6 ga yara 40, a ƙara 1 ta malamai. A riƙe ruwan gishiri da sukari na kemis, da filasta, da ledoji saboda masu amai a mota. Sunayen yara a rubuta kwafi 3, ɗaya a makaranta, biyu a hannun malamai daban-daban, a kira suna duk shiga mota da duk fita. Kuɗi kuma ki haɗa na mota, na shiga, na ruwa da abinci da goron jagora, ki ɗora kashi 1 cikin 10 a kai kafin ki raba. Wannan ƙarin shi zai ɗauki marayu da 'ya'yan marasa hali, ba tare da kowa ya san su wane ne ba.

TAMBAYA: Bara mun kai ɗalibai wani gidan tarihi. An kashe kuɗi, an sha wahala. Da muka dawo na tambaye su abin da suka gani, sai labarin mota da kankarar da suka saya a hanya. Ni dai na fara ganin ɓata lokaci ne.
Daga wani malamin ƙaramar sakandare, Kamba

AMSA: Malam, kada ka yanke ƙauna. Abin da ka kwatanta ya zama ruwan dare, kuma sanadinsa sananne ne. An jera yara an bi da su ɗaki bayan ɗaki, an nuna musu abu 200 cikin awa ɗaya, jagora na karanto jerin sarakuna da shekarunsu, malamai na baya suna duba waya. Ido ya wuce ta kan kaya amma bai tsaya ko'ina ba. Ana cewa gani ya kori ji, to sai fa in an tsaya an gani.

Ka ɗauki abu ɗaya, mu ce takobi. Ka tsayar da yara 10 gabansa, ka ce kowa ya yi shiru minti ɗaya yana kallo. Minti ɗayan nan zai yi musu tsawo, ka daure. Sannan ka tambaya: me kuka gani? Ka hana jagora magana tukuna. Wani zai ce ƙarfe, wata ta ce fata, wani ya lura da zane a jikin kube. Sai ka bi ta kan abin da suka faɗa. Ruwan takobin aikin wa ne? Na maƙeri. Kuben fa? Na baduku. Hamilar da ake rataya shi da ita fa? Ka ga abu ɗaya ya buɗe sana'a uku. Ina maƙerin ya sami ƙarfe tun ba a fara kawo tsofaffin motoci ba? A nan maganar tama da yadda ake narka ta za ta shigo, kuma a nan ne jagora zai karɓa, domin yanzu yaran na da tambayar da suke jiran amsarta. Haka za ka yi da kwari da baka: me ya sa ake yi wa kan kibiya kunne, me ya sa jikinta kyauro ne ba itace mai nauyi ba, da me aka murɗa tsarkiya. Haka tambari: wace fata ce, wa ake kaɗa wa, me ya sa ba a jin sa gidan biki kamar kalangu.

Minti 10 zuwa 12 ga kowane abu, abu 5, an sami awa ɗaya. Sauran rabin awar a sake su su zaga da babbansu, kowa ya zaɓi abin da ya kama ransa ya zana. Zanen nan muna matuƙar son malamai su riƙe shi. Ba gwaninta ake nema ba. Yaron da zai zana garkuwa dole ya ƙirga ɗinkinta, ya ga inda ta tsage, ya ga inda hannu ya goge ta, abubuwan da mai wucewa ba zai taɓa lura da su ba. A ba kowa rabin takarda da guntun kwali na dannewa, da fensir. Ban da biro, domin tawadarsa in ta taɓa fata ko tufa ko bango ba ta fita.

Akwai kuskuren da malamai masu ƙwazo ke yi, su buga takardar tambayoyi 30 su raba. Sakamakonsa yara su duƙufa kwafar rubutun da ke jikin kaya, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi kayan. Tambaya 4 sun isa, kuma su kasance waɗanda ba a samun amsarsu sai da ido.

Darasin kuma ba a bakin ƙofar gidan tarihi yake farawa ba. Kwana 2 kafin tafiya ka ba su labarin wurin a aji, ka rubuta kalmomi 8 ko 10 a allo, irin su kube, sulke, lifidi, ganuwa, kufai, kowa ya je gida ya tambayo ma'anar biyu. Bayan dawowa kada ka bari kwana 2 su wuce. A liƙa zanen a bango, kowane rukuni ya tashi ya yi wa 'yan ajin da ba su je ba bayanin abu ɗaya. Wanda ya san zai tsaya gaban 'yan uwansa ya yi bayani, kallonsa daban yake tun a can.

TAMBAYA: An aiko muna takarda wai za a kai ɗiyanmu gidan tarihi. Ni hankalina bai kwanta ba. Ga halin da hanyoyi suke ciki, ga shi kuma an ce wurin cike yake da layu da kayan tsafi. Mi kuka gani?
Daga wani uba, Gusau

AMSA: Alhaji, tsoronka na kan hanya. Bayan sace ɗalibai da aka yi a Jangebe da Birnin Yauri a 2021, ba uban da za a ce ya cika zargi. Kana da haƙƙin ka tambayi makaranta abu huɗu kafin ka sa hannu: wace hanya za a bi, ƙarfe nawa za a dawo, wane malami ke riƙe da ɗanka da lambar wayarsa, kuma ko hukumar ilimi da jami'an tsaro sun san da tafiyar. In amsa ɗaya ta yi rauni, ka riƙe ɗanka. Ga makarantu kuma: kada a sanar da rana a Facebook ko a taron jama'a, hotuna sai an dawo, ba kwana a hanya, ba ratse zuwa daji. Kufan Surame, babban birnin Kanta mai kafa daular Kabi, wanda ke cikin jihar Sakkwato a yau, wuri ne da ya cancanci kowane yaro ya ga ganuwarsa ta dutse, amma wurare irinsa na bayan gari ba a kai yara sai masu tsaron yankin sun ce a je.

Maganar layu kuwa, e, a gidajen tarihi akan ga layu da guraye waɗanda mayaƙan dauri suka ɗaura. An ajiye su ne don a san yadda mutanen dauri suka rayu, ba don a yi aiki da su ba, kuma malamin kirki zai faɗa wa yara haka ƙarara. In kana son hukunci, malamin unguwarku ya fi mu cancanta. Abin da muke ƙarawa shi ne ladabi: a gidan Kanta akwai kaburburan sarakuna, don haka a gaya wa yara tun a mota cewa wurin ba na guje-guje da shewa ba ne.

TAMBAYA: Makarantarmu a ƙauye take, ba kuɗin mota, hanya kuma ba ta biyuwa. Yaranmu sun rasa ke nan?
Daga wani hedimasta, yankin Talata Mafara

AMSA: Ranka ya daɗe, ba su rasa ba. Rabin abin da ke gidan tarihi yana nan ƙarƙashin gadon tsofaffin garinku. Ka nemi akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, mai kwaɗo, ka tara kaya 10 zuwa 12 waɗanda yaro zai iya riƙewa ba su lalace ba: mazari da ɗan sulun auduga, ƙyastu, wuri, akushi, ludayin duma, fitilar aci-bal-bal, guntun saƙi, alƙalamin kara da kurtun tawada, tsohuwar kalme, da tsofaffin kuɗi. A wani fannin ma kun fi masu zuwa birni, domin can an hana taɓawa, nan kuwa yaro zai ji nauyi da kaushi a tafinsa.

Tsofaffin kuɗin kaɗai darasin mako guda ne. Kafin naira ta shigo a 1973, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, da aka canja kuma fam ɗaya ta zama naira 2. Ka ba yaro kwabo mai huji da sisi, ka ce ya je ya tambayi kakarsa me sisi ke saya ranar kasuwa tana budurwa. Lissafi da tarihi da zumunci sun haɗu a aiki ɗaya.

Inda abin ke lalacewa shi ne wajen karɓar kaya. Yaro zai ɗauko akushin kakarsa ba ta sani ba, ya ɓace, rigima ta tashi, a ce makaranta na kwashe kayan mutane. Saboda haka ba a karɓar komai sai daga hannun babba. A buɗe littafi guda: lamba, sunan abu, wa ya kawo, aro ne ko kyauta, ranar mayarwa, da abin da mai shi ya faɗa game da shi, da kalmominsa. Wannan layin na ƙarshe ya fi kayan daraja, domin mazari ba labari tsinke ne kawai. Lambar a rubuta ta a 'yar takarda a ɗaura da zare, kada a shafa fenti ko a manna gam.

Abokan gabar akwatin su ne gara, ƙwaro da laima. A ɗora shi kan bulo, a janye shi taki ɗaya daga bango. Kayan itace da na duma in sun zo, a ware su cikin leda mako 2, in an ga gari na zuba to akwai ƙwaro, kada a haɗa su da saura. Busasshen ganyen darbejiya a ƙulle cikin tsumma yana taimakawa. Da damina a buɗe duk mako 2 a sha iska a inuwa.

Sannan ka kawo mutane. Maƙeri da zuga-zuginsa, tsohuwa mai kaɗi, masaƙi, marini, in akwai gulbi kusa a kira masunci da homarsa da gorarsa. Minti 30 sun isa, yara su shirya tambaya 5 tun jiya, a nemi izni a naɗi muryar a waya. Ka kuma rubuta wa gidan tarihi mafi kusa ka roƙi a turo ma'aikaci. Ranar 18 ga Mayu ce Ranar Gidajen Tarihi ta Duniya, lokacin da suka fi karkata ga makarantu, sai dai ka aika da wuri kuma ka yi tanadin kuɗin motarsa.

TAMBAYA: A ajina akwai Kabawa, akwai 'ya'yan Gwandu, akwai Zabarmawa da Dakarkari. In muka tsaya gaban kayan yaƙi, yaya zan yi maganar yaƙin Kabi da masu jihadi ba tare da yara sun koma gida da gaba ba?
Daga wani malamin tarihi, Birnin Kebbi

AMSA: Malam, wannan tambayar ta mai kula ce. Kada ka ɓoye komai, domin abin da ka ɓoye za su ji shi a majalisa da gishiri. Ka faɗi abin da ya tabbata: Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Songhai a farkon ƙarni na 16 ya kafa daula mai ƙarfi, a 1805 rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, Kabawa suka koma suka kafu a Argungu, aka yi ta gwabzawa har zuwan Turawa. Ka guji “mu” da “su”. Ka ce Kabawa, ka ce mutanen Gwandu, ka ba kowane ɓangare dalilinsa yadda shi ya gan shi. Ka kuma tambayi yara abin da littafi ba ya tambaya: wa ke noma in maza sun fita, ina mata ke samun ruwa in an kewaye gari.

Kada kuma ka tsaya kan takobi. Ka kai su 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa kamun kifin da ya zama bikin da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Yaran da suka ga mashi, a nuna musu homa a rana ɗaya. In da hali, zango na gaba ka kai ajin nan Gwandu su ga hubbaren Abdullahi, su ji shi a matsayin malami marubuci, domin kowane yaro ya tsaya sau ɗaya a gidan kakannin abokinsa.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne, muna da ƙungiyar tarihi a makaranta. Kakana ya bar gafaka cike da takardun ajami da wani takobi mai tsatsa, ina son in kai su baje koli. Abokina kuma ya tsinci tsingaro da duwatsun wuya a gonarsu, wani ya ce zai saya.
Daga wani ɗalibi, Gwandu

AMSA: Allah ya yi maka albarka, ɗanmu. Takardun nan kada su bar gida. Da iznin manyanka, ka wanke hannu ka bushe shi sarai, ka shimfiɗa tsabtataccen zane a inuwa, ka ɗauki hoton kowace warƙa da waya, gaba da baya, kana juyawa ɗaya bayan ɗaya. Irin waɗannan takardu ba a ɗinke suke ba, in jerinsu ya hargitse mayar da shi aiki ne babba. Kalmar da ake rubutawa a ƙasan shafi ita ke nuna farkon na gaba. Hotunan za ka buga ka kai makaranta. Kada a yi musu laminatin, zafi da gam na kashe takarda kuma ba a iya warwarewa. Kada a liƙa salatif a inda ya yage, yakan bar tabo ya ci tawada. Kada a shanya su a rana, kada a ƙulle su cikin leda, gumi zai taru su yi fumfuna. Farin ƙyalle na auduga, sannan gafakarsu, sannan wuri mai tsayi nesa da bango.

Takobin ma hoto ya isa, makami ba ya shiga makaranta. Kada ka goge shi da sanfefa ko toka, kada ka shafa masa manja ko baƙin mai, in kuma ya ƙi fita daga kube kada ka tilasta. Ƙura kawai za ka kaɗe da busasshen buroshi mai laushi. Gogewa na tafiya da alamar maƙeri da rubutun da ake gane asalinsa da su.

Abokinka kuwa kada ya sayar, kada kuma ya ƙara tono. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi da haƙa su ba izni, kuma kayan hannu na gida da aka yi kafin 1918 na cikin abin da ta kare. Ban da doka ma, tsingaro ba ya magana sai a inda aka same shi: zurfinsa, abin da ke kusa da shi, toka ko ƙashi ko kashin maƙera, su ke nuna shekarun wurin da sana'ar mutanensa. Wanda yake ƙasa a bar shi, a ɗauki hotonsa da rula a gefe. Wanda aka riga aka ɗauka kada a wanke shi, a naɗe a takarda a rubuta gonar wa, wane gefe, wace rana. Sannan ku gaya wa malamin tarihinku da mai unguwa, su rubuta wa hukumar ta hannun gidan tarihi mafi kusa, da hotunan a haɗe.